Gonin Gora: Waya Tana Kai Kuka, Saura Mai Amsawa

A watan Maris na 2024 aka buga wata waya zuwa Gonin Gora wadda ta sa Najeriya ta riƙe baki. Masu garkuwar da suka kwashe mutum 16 daga unguwar a ƙarshen Fabrairu ne suka kira, suka yanka abin da suke so kafin su sako su: Naira tiriliyan 40, motocin Hilux 11, da babura 150. Kasafin kuɗin Gwamnatin Tarayya na shekarar gaba ɗayansa, kamar yadda Shugaba Bola Tinubu ya sa masa hannu a farkon Janairu, bai cika tiriliyan 29 ba. Wasu suka yi dariyar takaici, wasu suka ce wannan ba ciniki ba ne, izgili ne ga hukuma.

Abin da mutane kaɗan suka tsaya suka duba shi ne wayar ita kanta. Daga daji aka bugo ta, ta bi turakun sadarwa irin waɗanda kowa ke amfani da su, a ƙasar da doka ta ce kowane layi sai an haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma ta iso lafiya lau. Su kuwa mutanen unguwar, da suka so a ji nasu kukan, sai da suka fito suka tare babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja, motoci suka yi cirko-cirko. Al'ummar da da wuya ka shiga gida a cikinta ba ka tarar da waya ba, ta ga babu hanyar isar da saƙo ga hukuma da ta fi tare titi.

Manhajojin neman ɗauki ba su yi ƙaranci a ƙasar nan ba. 'Yan sanda suna da tasu, ma'aikatu suna da nasu, ƙungiyoyin agaji da matasa masu ƙirƙira kuma kullum cikin fito da sabuwa suke. Abu biyu ne suka yi ƙaranci: wanda zai tantance saƙo kafin ya bazu, da wanda zai taso idan saƙon ya tabbata.

Titi a gaba, daji a baya

Gonin Gora tana cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, a ƙofar Kaduna ta kudu. Matafiyin da ya taso daga Abuja ya wuce Katari da Rijana da Kakau, sai ya ratsa ta kafin ya shiga gari. Ƙasar Gbagyi ce tun asali. Bayan rikicin Shari'a na 2000 da wanda ya biyo baya a 2002, birnin Kaduna ya rabu bisa kogi: Kiristoci da yawa suka yi ƙaura zuwa kudu, Musulmi da yawa suka koma arewa. Sabon Tasha, Unguwar Romi, Unguwar Television da Gonin Gora suka cika suka batse. A cikin waɗannan shekarun ne kuma masaƙun Kakuri, da suka ciyar da dubban iyalai, suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rasa aiki ko ya gaji da haya sai ya nemi fili mai araha a gefen gari, gidaje suka yi ta kutsawa cikin gonaki, yawancinsu babu lambar gida, babu titi mai suna.

Bayan waɗannan gidaje na ƙarshe daji ne, kuma dajin Chikun yana haɗe da na Birnin Gwari da na Jihar Neja. Abin da ya fito daga cikinsa a 'yan shekarun nan ba ɓoyayye ba ne. A Afrilun 2021 aka sace ɗaliban Jami'ar Greenfield da ke kan wannan hanya ta Abuja, aka kashe biyar daga cikinsu. A Yulin shekarar aka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist. Ranar 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari. Ranar 7 ga Maris 2024, kwanaki kaɗan bayan na Gonin Gora, aka tasa ƙeyar 'yan makarantar Kuriga, ita ma a Chikun, sai ranar 24 ga watan aka dawo da 137. Kamfanin bincike na SBM Intelligence ya ƙidaya mutum 7,568 da aka sace a Najeriya tsakanin Yulin 2023 da Yunin 2024, da kuɗin fansa sama da Naira biliyan ɗaya da aka biya.

A irin wannan wuri, mai rauni shi ne wanda gidansa ya zo a ƙarshen layi. Ita ce mai cikin da naƙuda ta kama da tsakar dare, lokacin da babu ɗan acaɓan da zai yarda ya fito. Shi ne tsohon da ba ya iya gudu, da kurman da ba zai ji harbi ba. Shi ne kuma baƙon matafiyin da ya shigo unguwa a ranar da gari ya rikice, bai san me ake ciki ba.

Zauren da ba ya barci

Manhajar da ta fi kowace aiki a unguwannin gefen Kaduna ba don tsaro aka ƙirƙire ta ba. WhatsApp ce. Masu gidajen layi ɗaya suna da zaurensu, 'yan sintiri suna da nasu, haka matasan coci, kwamitin masallaci, direbobin tasha, da iyayen yara a makaranta. Saƙon murya ya sauƙaƙa komai: ba sai ka iya rubutu ba, ba sai ka ji Turanci ba. Hausa ce ke haɗa Bagwari da Bajju da Adara da Bahaushe a zaure ɗaya, kuma da ita ake cewa a kula, an ga babura ta bayan gona, ko kuma kada kowa ya fito sai an ji daga gare mu.

Wannan ya ceci rayuka, babu mai musu. Direban da aka gaya masa an tare hanya a gaba ya tsaya a inda yake. Iyalin da suka ji saƙo da wuri suka kashe fitila suka fice ta baya. Ana kuma haɗa wayar da kayan da aka gada: usur, ƙararrawar coci, lasifikar masallaci, bugun ƙarfe.

Amma zauren yana da ɓaraka uku. Ta farko, ba a san kowa da ke ciki ba. Matsalar infoma, masu kai wa 'yan bindiga rahoto, ta addabi duk arewa maso yamma, kuma zauren da ake sanar da inda 'yan sintiri za su tsaya yau, idan akwai kunne ɗaya na daji a ciki, ya zama taswirar hari. Ta biyu, waya sai da caji da data. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wutar da ke kawo musu lantarki, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna, masu shagon caji suka zama sarakai. A Janairun 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Wanda ya fi buƙatar saƙon gargaɗi, shi ne ya fi saurin ƙarewar data. Ɓaraka ta uku ita ce mafi muni, domin ta taɓa cin rayuka a wannan titi.

Lokacin da saƙo ya zama makami

Duk wanda ya san Kaduna ya san sunan Gonin Gora yana da wani nauyi a kunnen matafiya. Ranar 17 ga Yuni 2012, bayan an tayar da bama-bamai a coci biyu a Zariya da ɗaya a Trikania, fusatattun matasa suka tare hanyoyi a kudancin birnin, har da nan, aka kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Gwamna Patrick Yakowa ya sa dokar hana fita ta sa'o'i 24. A Oktoban 2018, bayan rikicin Kasuwan Magani da 'yan sanda suka ce ya ci mutum 55, jita-jita ta bi gari ranar 21 ga watan, kafin dare an yi asarar wasu rayukan a cikin Kaduna, aka sake kulle birnin. A lokacin ne Gwamna Nasir El-Rufai ya yi barazanar rushe Gonin Gora idan aka ci gaba da tare matafiya, maganar da ta jawo ce-ce-ku-ce mai zafi.

Gaskiyar da ya kamata ɓangarorin biyu su riƙe ita ce: yawancin mazauna Gonin Gora ba su taɓa tare kowa ba, kamar yadda yawancin mazauna Rigasa ko Tudun Wada da ke ƙetaren kogi ba su taɓa ɗaukar makami ba. Ɓata-gari kaɗan ne ke aikin, amma man da ke hura su saƙo ne: an ce ana kashe 'yan'uwanmu a ƙetaren kogi. A 2012 saƙon tes ne da kira. Yau hoto ne da bidiyo da murya mai kuka, kuma sau da yawa hoton na wata ƙasa ne ko na wata shekara.

An ga hakan a Filato. A Nuwamban 2018 sashen binciken BBC Africa Eye ya ba da rahoton yadda 'yan sandan jihar suka ce hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook sun taimaka wajen hura kashe-kashen watan Yunin shekarar, inda aka tare matafiya a hanya. Rahoton ya ce a lokacin mutum huɗu kacal ne ke aikin tantance labarai na cikakken lokaci don masu amfani da dandalin miliyan 24 a Najeriya. Daga baya WhatsApp ta taƙaita tura saƙo ɗaya zuwa wurare biyar a lokaci guda, daga Janairun 2019. Hakan ya rage gudu, bai toshe hanya ba.

Akwai inda aka gwada magani. A yankin Tana Delta na ƙasar Kenya, bayan faɗan manoma Pokomo da makiyaya Orma a 2012 da 2013, wata ƙungiya daga Kanada mai suna Sentinel Project ta kafa tsarin Una Hakika. Wanda ya ji jita-jita sai ya aika ta saƙon tes kyauta. Masu sa-kai da aka horar, daga kowace ƙabila, su bincika a inda aka ce abin ya faru, sannan a mayar da amsa ga mutanen yankin: gaskiya ne, ƙarya ne, ko ana kan bincike. Ƙaramar waya mai maɓalli ta isa. Ƙarfin tsarin yana ga mutanen da kowane ɓangare ya yarda da bakinsu.

Kaduna ba baƙuwar wannan tunani ba ce. Cibiyar sasanta mabiya addinai da Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Wuye suka kafa a 1995, bayan sun daɗe suna gaba da juna, ta horar da masu sa ido a unguwanni da ke kai rahoton alamun rikici ta waya. Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna, da aka kafa a 2017, ta samar da tsarin gargaɗin gaggawa na zamani tare da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A Kano, cibiyar CITAD ta daɗe tana bibiyar kalaman ƙiyayya a intanet, ga kuma masu tantance labarai irin su Dubawa da ke aiki har da Hausa. Kayan aikin suna nan. Abin tambaya shi ne ko ɗan acaɓan Gonin Gora da mai shayin Rigasa sun san lambar da za su tambaya kafin su tura saƙon gaba.

Maɓallin gaggawa, da wanda ke bayansa

A ɓangaren hukuma, lamba mafi muhimmanci ita ce 112. Kyauta ce, ko babu kati a waya tana shiga, kuma cibiyoyin kiran gaggawa da NCC ta gina a jihohi su ke karɓa su miƙa wa 'yan sanda, jami'an kiyaye haɗurra, 'yan kwana-kwana, Sibil Difens ko motar asibiti. Rundunar 'yan sanda tana da manhajar Rescue Me, wadda mutum zai danna ya zaɓi irin matsalar da yake ciki, ta tura inda yake tsaye. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta fito da N-Alert a 2022, a zamanin Rauf Aregbesola.

A kan takarda komai ya yi. Amma a auna shi da daren hari. Manhajar tana buƙatar babbar waya, data, sabis mai ƙarfi, da mutumin da ya riga ya yi rajista tun kafin ranar. Ko saƙon ya isa, sai an samu mota mai mai, jami'ai isassu, da hanyar da mota za ta bi zuwa layin da ba shi da suna, alhali maharan a kan babura suke kuma sun san kowace ɓarauniyar hanya. Manhajar da babu mai tasowa a bayanta kamar famfon da aka kafa ne ba a ja masa ruwa ba: mutum zai murɗa sau ɗaya, sau biyu, daga nan ya koma rijiya. Wanda ya kira bai ga kowa ba sai da gari ya waye, ba zai sake kira ba, kuma zai gaya wa maƙwabcinsa kada ya wahalar da kansa. Ihu bayan hari ba ya gina amana.

Manyan matakan fasaha biyu da gwamnati ta ɗauka da sunan tsaro sun nuna wannan giɓi. Na farko shi ne haɗa layin waya da lambar NIN, wanda aka fara a Disamban 2020 a ƙarƙashin Minista Isa Ali Pantami. Talakawa sun sha layi a rana, a Afrilun 2022 aka hana miliyoyin layuka kira. A Janairun 2024, lokacin da sace wasu 'yan'uwa mata a Bwari ta Abuja ya girgiza ƙasa, Pantami da kansa ya fito ya koka cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata. Masu garkuwa kuma sun daɗe da gano dabarar yin ciniki da wayar wanda suka kama.

Na biyu shi ne katse sabis. Zamfara ta fara ranar 3 ga Satumba 2021, Kaduna ta bi a ƙarshen watan a wasu sassan jihar, tare da hana hawa babur da sayar da fetur a jarka, aka dawo da layukan a ƙarshen Nuwamba. Manufar ita ce a raba 'yan bindiga da masu ba su labari. Amma matakin ya raba ƙauyawa ma da hanyar neman ɗauki, ya tsayar da masu POS, ya bar iyalai ba su san halin da nasu ke ciki ba. Hare-hare kuma ba su tsaya ba.

Kukan da ba ya fitowa titi

Ba kowace barazana ce ke zuwa a kan babur ba. Wata tana cikin gida: yarinyar da maƙwabci ya lalata, matar da ake duka, 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye aka hana ta makaranta, budurwar da aka yi wa alkawarin aiki a ƙasar waje. Waɗannan ba sa tare hanya, ba sa kuma shiga zauren unguwa, domin wani lokaci mai laifin yana cikin zauren.

A nan Kaduna tana da abin nunawa. Jihar tana da cibiyoyin Salama masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, kuma ɗaya tana Babban Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, tafiyar da ba ta da nisa daga Gonin Gora. Sauran suna Tudun Wada, Zariya da Kafanchan. Ana duba lafiya, a kwantar da hankali, a taimaka wajen bin shari'a, duk kyauta. Jihar ta yi dokar hana cin zarafi da ta kare yara a 2018, a Satumban 2020 kuma ta tsananta hukuncin fyaɗe har zuwa dandaƙa. Hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, tana da gajeriyar lamba 627.

Abin da waya za ta iya yi a nan ƙarami ne a ido, amma babba ne. Maganin da ke hana kamuwa da cutar HIV bayan fyaɗe sai an fara shi cikin sa'o'i 72. Iyali da yawa suna cinye waɗannan sa'o'i wajen shawara da dangi, ko sulhu a gaban mai unguwa, ko tsoron abin kunya. Saƙon murya na minti ɗaya da Hausa, wanda ya faɗi ina za a je, cikin kwana nawa, kuma ba a biyan ko sisi, zai fi manhaja mai shafi goma amfani.

Sai dai duk mai ƙirƙira ya san wannan: mace da yawa ba ta da wayar kanta. Ta miji ce, ko ta ɗa, ko kuma tata ce amma ana duba ta. Manhajar da ke barin tambari a fuskar waya da tarihin saƙonni tana iya jawo wa mai ƙorafi dukan da ya fi na farko. Shi ya sa kira kyauta, ko lambar dannawa irin ta tura kuɗi wadda ba ta barin sawu, suka fi dacewa. Haka kuma sirrin mai kawo ƙara amana ne da doka ta tsare: Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk wanda ya tattara bayanan mutane. An ga illar sakaci a manhajojin ba da bashi, waɗanda ke kwashe lambobin da ke wayar mutum su aika wa danginsa da abokan aikinsa saƙon tozarci, har hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta fara kai musu samame a 2022.

Inda abin ya yi aiki

A Pambegua, cikin Ƙaramar Hukumar Kubau, kamfanin Zipline ya fara aika magani, jini da alluran rigakafi da jirage marasa matuƙi a 2022, bayan yarjejeniyar da ya ƙulla da gwamnatin jihar a 2021. Ma'aikaciyar ƙaramin asibiti ta aika buƙata ta waya, a ɗaura kayan, jirgi ya tashi ya sako su da 'yar lema a harabar asibitin, ba tare da wani ya bi hanyar da ake tsoro ba. Kamfanin ya fara wannan aiki ne a Ruwanda a 2016. Sirrinsa ba a jirgin kaɗai yake ba. An san wanda ke aikawa, an san wanda ke karɓa, kayan suna ajiye, kuma ana ƙirga mintunan da aka ɗauka.

Haka tsarin Eyes and Ears na Hukumar Tsare-tsare da Kasafi ta jihar, wanda ya ba ɗan ƙasa damar ɗaukar hoton aikin gwamnati da aka yi watsi da shi ya tura. Amfaninsa ya rataya ne a kan ofishin da aka ɗora wa alhakin dubawa.

Jihar kuma ta ga ɗaya fuskar fasahar. Daren 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Igabi, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce aƙalla mutum 85 suka rasu. Rundunar ta amsa kuskure ne. Na'ura ta ga taro, amma babu wanda ya tambayi mutanen ƙasa ko taron mene ne. Tantancewar da ake nema a zauren unguwa, ita ce ake nema a ɗakin ba da umarni.

Abin da ya rage a yi

Ba sabuwar manhaja Gonin Gora da maƙwabtanta suka fi buƙata ba. Abin da ake da shi ne ke son a ɗinke shi.

Zaurukan unguwa su samu tsari: a san kowane mamba da gidansa, a raba zauren sanarwa da na shirin sintiri, a kuma naɗa mutum biyu ko uku da su kaɗai ke tabbatar da labari. Dole wannan tantancewa ta ƙetare kogi. Fasto a Gonin Gora ya riƙe lambar limami a Rigasa, shugaban direbobi a Kawo ya riƙe ta shugaban matasa a Romi, ta yadda idan aka ce ana kashe-kashe a can, kira ɗaya zai kashe maganar. Idan gari ya yi zafi, zauren da ke gargaɗin 'yan unguwa shi ya kamata ya fara cewa matafiyi amana ne, kada a taɓa shi.

Ƙaramar hukuma ta sa wa layuka suna da lamba, matasa su saka su a taswirar intanet, domin jami'in da aka turo daga wata jiha ya san inda zai dosa. A kafa wurin caji mai amfani da hasken rana a makarantu da wuraren ibada. Duk saƙon gargaɗi da na lafiya ya fito da murya, da Hausa da Gbagyi da Turancin buroka, a kuma tuna da kurame ta hanyar rubutu da ƙyallin fitila. Gwamnatin Uba Sani ta ɗauki 'yan sintirin jiha 7,000 a 2023. Idan aka haɗa rukuninsu na kowace unguwa da cibiyar 112, za a samu wanda ke kusa ya fara isa kafin motar 'yan sanda.

Sai ma'auni. Kaduna ta taɓa yin abin da jihohi kaɗan suka yi: Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida, a ƙarƙashin Samuel Aruwan, ta riƙa buga alƙaluman tsaro a bainar jama'a. Rahotonta ya ce a 2020 an kashe mutum 937 an sace 1,972, a 2021 an kashe 1,192 an sace 3,348. Waɗannan alƙaluman asara ne. Wanda ya kamata a ƙara shi ne na amsawa: kira nawa ya shigo daga Chikun a wata, nawa aka ɗauka, minti nawa aka yi kafin jami'i ya isa, yara nawa suka kai cibiyar Salama kafin cikar sa'o'i 72. Kwamfutocin cibiyoyin kira suna iya ajiye wannan lissafi ba tare da wahala ba. A liƙa shi a sakatariyar ƙaramar hukuma, a karanta shi a rediyo duk wata. Da shi ne mazauna unguwa za su san ko kiran nasu yana da daraja, da shi ne kuma za su tuhumi kansila da shugaban ƙaramar hukuma da kwamishina idan mintunan suka ƙi raguwa.